Jan Zare a Kan Taswirar Orest

Vancouver, Agusta 1968

Yabo ga Yesu Almasihu.

Orest jikana, ni ce Dokiya, yayar kakarka Maryna. Ba lalle ka tuna ni ba. Sau ɗaya na gan ka, ranar da aka binne ta, kana ƙarƙashin tebur kana cin naɗin kabeji da hannu biyu. An ce yanzu ka zama mutum har da gashin baki.

Ni ban taɓa shiga aji ba, 'yata Tekla ce ke rubutawa. In ka ga magana ta karkace, hannunta ne, ba bakina ba. Lafiyata lau, sai ƙafafu da ke kumbura da idon hagu da ya yi hazo. Ci kuwa ina ci. Garin nan ruwan sama ba ya ɗaukewa, mutum har ya yi marmarin sanyi na gaskiya.

Ga abin da ya sa na neme ka. Na ji a coci wai gwamnati za ta datse koginmu na Manitoba, kwarin duka ya zama tafki. Aka ce kana cikin masu awon ƙasa a can, kuma ana kwashe kaburburan kwarin ana kai su tudu. To, ina da 'ya a kwarin nan.

Sunanta Hafiya. Da ita muka zo daga tsohuwar ƙasa, ni da mijina Onufri da kakarka, jirgin ruwa ɗaya. Shekararta biyu. Da muka iso ba gida, ba coci, ba fada mai yi mana addu'a, sai ciyawa iyakar ganinka. Onufri ya haƙa mana ɗakin rami a jikin wani ɗan tudu kusa da ruwa, ya rufa shi da itace da ƙasa. A nan sanyin farko ya same mu. Maƙogwaronta ya toshe, ta tafi. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, sai da Onufri ya hura wuta a wurin, ya tona abin da ya narke, ya sake hurawa, ya sake tonawa. Na ɗora mata dutsen niƙan da na ɗauko daga gidan uwata don kada karnukan jeji su tone ta. Da ƙanƙara ta narke na dasa kalina a wajen kanta, itacen nan mai jajayen 'ya'ya.

Kowace Lahadin bayan Ista ina kai mata ƙwanta da burodinta, mu zauna mu ci a wurin, har shekarun fari da fara suka kore mu daga gona. Onufri yana maƙabartar cocin Verbivka, can bisa tudu, ruwa ba zai same shi ba. Ita ce a ƙasa. Ba na so ta kwanta ƙarƙashin tafki, masu kamun kifi suna wucewa ta kanta. Wa zai kai wa kifi ƙwai?

Ka nemo ta, ka sa a kai ta wurin ubanta. Ban taɓa roƙon gidanku komai ba, sai kwanon gasa burodi da kakarka ta ara mini.

Kakarka,
Dokiya Hrytsak

*

Sansanin masu awo, kusa da Verbivka, Satumba 1968

Yabo har abada.

Kaka, na sami takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya, sai sauro da abincin sansani. Naɗin kabejin nan na tuna shi, ke ce ban tuna ba, ki yafe mini. Ki gaida Inna Tekla.

Na yi magana da shugaban masu kwashe kaburbura. Ya ce za su ɗauke ta, amma sai na kai su wurin na nuna da yatsa. Ba ta cikin littafin coci, kuma ba za su tona kwari duka suna lalube ba. Aikinsu zai tsaya da zarar ƙasa ta daskare, cikin Nuwamba ke nan. In ƙanƙara ta narke baɗi za a rufe ƙofar dam, ruwa ya fara taruwa. Saboda haka lokaci kaɗan gare mu.

Ga taswira na saka miki, ina da irinta a nan. Daga jirgin sama aka ɗauki hoton ƙasar, sannan aka zana. Shuɗin layi shi ne kogi. Akwatunan nan kowanne mil ɗaya ne tsawo da faɗi, wanda na zagaye da fensir a cikinsa tsohuwar gonarku take. Siraran layukan nan masu launin ƙasa tsayin wuri suke nunawa. Kin san zoben da ruwa ke bari a jikin baho in ya kwana? To kowane layi haka yake, duk inda ya bi tsayinsu ɗaya. Inda suka matsu da juna gangare ne, inda suka ware fili ne. Jan layin ni na zana, nan ruwan tafki zai tsaya. Duk abin da ke cikinsa zai nutse.

Ki duba, ki gaya mini inda ɗakin ramin yake.

Jikanki,
Orest Pidlubny

*

Vancouver, Satumba 1968

Yabo ga Yesu Almasihu.

Orest, takardarka ta zo. Ƙafafu suna nan yadda ka bar su. Ka riƙa shafa kitsen alade saboda sauron, wari ne kawai.

Mun shimfiɗa hoton ƙasarka a kan tebur, muka danne shi da gishiri da sukari. Na ce da Tekla, wane mashayi ne ya yi huɗar nan, kunya duk a karkace? Ta ce ba huɗa ba ce, zoben baho ne, ta sake karanta mini. To na ji. Amma ni ban taɓa ganin gonarmu daga sama ba, ɗan nan. Ni ba hankaka ba ce. Daga ƙasa na san ta, da ƙafa, da bokiti a hannu. Na duba na duba, ban ga rijiyarmu ba, ban ga inda sanmu ya nutse a laka ba, ban ga komai da na sani ba. An kuma rubuta lambobi a inda mutane suke da.

Bari in gaya maka da baki. Ka tsaya inda gidanmu na katako yake, bisa tudu. Ka gangara ka nufi kogi, wajen fitowar rana. Ba ka ƙetare ruwa. Ka ji ko? A gefenmu Hafiya take, ban taɓa jiƙa ƙafa don in je wurinta ba. Inda kogi ya yi gwiwa, akwai ɗan tudu, a jikinsa ramin yake, ƙofarsa tana kallon rana da safe. Ita yarinyar tana bayan ramin kaɗan, inda in ina girki ina hango ta. Ka nemi kalina. Gicciyen da muka kafa mata na katako ne, wutar daji ta cinye shi tun tuni, amma dutse ba ya ci da wuta. Kewayayye ne, da huda a tsakiya, gefe ɗaya ya ɓalle.

(Orest, Tekla ce. Na duba, gwiwa ɗaya na gani a gefen gonar, ƙasa da inda ka zagaye. Ina jin ita take nufi. Ni ina yarinya muka bar wurin, abin da na riƙe kawai ƙwai da sanyin ƙafa.)

Na ce ta karanta mini abin da ta ƙara, ta ce gaisuwa ce. Gaisuwar ta yi tsawo.

Kakarka,
Dokiya

*

Sansanin masu awo, farkon Oktoba 1968

Yabo har abada.

Kaka, ina fata kuna lafiya. An fara sanyi nan, agwagin daji duk sun wuce kudu.

Na je. Na sami inda gidanku yake, harsashin yana nan, da bakin rijiya. Na gangara gabas har bakin kogi kamar yadda kika ce, na sami gwiwar da Inna Tekla ta nuna. Na bi gaɓar sama da ƙasa da sandar ƙarfe ina caccaka ƙasa, Lahadi biyu ina yi. Babu tudu a wurin, fili ne shimfiɗe, taswira ma haka ta nuna. Babu kalina, babu alamar rami, babu dutse. Babu kabari a wurin, Kaka.

Shugaban ya ce in ba shaida, ba zai sa sunanta cikin aikinsu ba. Ya ce tsofaffi sukan haɗa wuri da wuri, shekara sittin da wani abu ba wasa ba ce. Ko akwai wani abin da kika manta ba ki faɗa ba? Ki daure ki sake tunani, ki amsa da wuri.

Orest

*

Sansanin masu awo, ƙarshen Oktoba 1968

Kaka, Inna Tekla, lafiya kuwa? Ban ji daga gare ku ba. Kullum motar wasiƙu ta zo sai na tare ta. Bakin kududdufai ya fara daskarewa da safe. Masu aikin sun gama da maƙabartar kwari, saura 'yan kaburbura na gonaki, daga nan su naɗe kaya. In ba ta da lafiya ne, Inna, ki sanar da ni. In kuma wani abu na faɗa, a gaya mini.

Orest

*

Vancouver, farkon Nuwamba 1968

Yabo ga Yesu Almasihu, tunda Shi bai yi mini komai ba.

Lafiyata ƙalau. Fushi nake. Tekla ta yi ta bina da alƙalami na ce ta ajiye. Ka rubuto wai babu kabari. Ni da na wanke ta da hannuna, na naɗe ta cikin rigar fatar ubanta, ni za a ce wa babu kabari? Wai tsofaffi sukan haɗa wuri da wuri. Ka gaya wa shugaban naka ina iya manta inda na ajiye haƙorana, amma ba inda na ajiye 'yata ba.

Tekla ta ce ba haka kake nufi ba, wai cewa ka yi babu shi a inda ka duba. Na ce to me ya hana shi faɗin haka, ba shi ne mai ilimi ba? Ta ce, "Mama, yaron nan Lahadi biyu yana caccakar ƙasa saboda ke, ke kuma kina nan kina kumbura kamar ƙullun burodi." Na ce ta fita mini daga ɗaki. Ta ce ɗakinta ne.

To da na huce na sa ta sake shimfiɗa hoton, ta ba ni gilashin da take karanta jarida da shi. Na bar akwatunanka da zobenka, na bi shuɗin kawai da yatsa, kamar mai neman inda zare ya tsinke a ɗinki. Orest, wannan ba koginmu ba ne. Naku ya wuce gaban gonar a miƙe kamar soja. Namu ba ya tafiya haka. In ya zo daidai gonarmu sai ya juya ya tafi can wajen fitowar rana, ya yi yawonsa, ya kewayo ya dawo har ya kusa taɓa kansa. Ƙasar da ya zagaye kamar jaka take, bakinta a wajenmu. Bakin nan ƙanƙane ne, har Onufri yakan gitta 'yan sanduna a wurin, shi ke nan saniya ta sami shinge, ruwa ya tsare sauran. A cikin jakar ɗan tudun yake. Gwiwar da nake gaya maka ita ce can ƙurya, ba wannan 'yar lanƙwasar da Tekla ta nuna maka ba.

(Ni dai abin da ke kan takarda na nuna. Tekla.)

Ban iya riƙe fensir ba, amma allura tun ina 'yar shekara shida nake riƙe ta. Na sa jan zare na ɗinka maka kogin a kan takardar, yadda yake tafiya a ƙafata. Takardar gwamnati tana da kyau, ba ta yage ba. Da na zo ƙuryar na ga masu zanenku sun yar da wani guntun shuɗi a wurin, shi kaɗai, lanƙwashe kamar lauje, ba ya haɗe da komai. Ban san ko mene ne ba, amma zarena ta kansa ya bi.

Ga ta nan na mayar maka. In ka sake dubawa ba ka gani ba, ba zan ƙara fushi ba. Ka je bakin ruwan kawai ka ambaci sunanta, don ta san an neme ta.

Ka sa hula.

Dokiya

*

Verbivka, Nuwamba 1968

Yabo har abada.

Kaka, mun same ta.

Da na buɗe takardar na ɗora ta kusa da tawa. Laujen nan da kika gani, a wurinmu alamar tsohon kogi ce, ruwan da ya rage in kogi ya sake hanya. Kullum yana gabana ban kula ba, saboda kin ce ba a ƙetare ruwa, shi kuwa yana ƙetare. A cikin laujen akwai ƙaramin zobe mai launin ƙasa, rufaffe. Ɗan tudu ke nan. Yana cikin jan layina, da ruwa ya rufe shi.

Wurin yanzu makiyayar wani dattijo ce, Halvorson. Na nuna masa ɗinkinki. Ya juya shi, ya duba bayan, ya ce wanda ya yi wannan ya fi matarsa hannu, amma kada in faɗa. Ya ce lokacin babbar ambaliya, shekara goma sha wani abu da suka wuce, kogi ya fasa bakin jakar nan ya miƙe. Shi Halvorson ya kwanta da gona ɗaya, ya tashi da ƙari. Hafiya ba ta motsa ba, Kaka. Kogin ne ya zagayo ta gabanta. Ke kin faɗi daidai, taswira ma ta faɗi daidai, shekarunku ne ba ɗaya ba.

Mun zagaya ta gada, muka shiga da taraktarsa. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauka, komai fari. Tun daga nesa na hango ja. Ba itace ɗaya ba ne yanzu, kalinar ta cika bayan tudun duka. Ramin ya rufta, sai ɗan loɓawa a ƙasa. Na sa sandar ƙarfe, ban daɗe ba ta yi ƙara. Kewayayye, da huda a tsakiya, gefe ɗaya a ɓalle.

Masu aikin sun riga sun loda kaya. Shugaban ya zo ya ga dutsen, ya cire hularsa, ya ce a sauke shebur. Saman ƙasa ya daskare, sai da muka tara bambaro da itace muka hura wuta a wurin, muka tona abin da ya narke, muka sake hurawa.

Ba ta da yawa, Kaka. Mun tattara ta duka cikin ƙaramin akwatin katako. Akwai murjani guda uku tare da ita, na mayar su ciki. Fada ya yi mata addu'a, aka sa ta hannun hagun Kaka Onufri. Halvorson ya zo, da mata biyu daga coci da ba su san ki ba amma sun kawo dafaffiyar alkama da zuma. Dutsen yana bayan motata. Ban san ko in aiko miki ba ne ko yaya.

Ki yafe mini maganar da na rubuta.

Orest

*

Vancouver, Disamba 1968

Yabo ga Yesu Almasihu.

Orest jikana, Tekla ta karanta mini sau uku. Na farko ba ta iya kaiwa ƙarshe ba, ita da take cewa ba ta san yarinyar ba. Na ce yayarki ce, ko kina da jikoki ita ce babba, sai ki yi kukan da ladabi.

Ƙafafu sun ɗan saɓe. Na ci abinci sosai ranar.

Na yafe. Ni ma na ci maka kwanaki a banza da fushina, ga shi sai da kuka hura wuta. Amma ba laifi, ta san wannan wutar.

Murjanin na aurena ne, ka kyauta da ka bar mata. Dutse kada ka aiko, me zan niƙa a nan, a bene hawa na uku? Ka mayar mata a kanta, ta saba da nauyinsa. In ƙasa ta saki, kafin ruwanku ya iso, ka roƙi Halvorson ka ciro kalina ɗaya da saiwarta ka dasa a wajen kanta. Ka gaya masa na ji abin da ya faɗa, kuma ba zan gaya wa matarsa ba.

Ka ce hannun hagun Onufri kuka sa ta. To ka gaya wa fada gefenta ɗayan nawa ne, kada ya ba kowa. A tsakiyarmu take kwana a ramin, saboda ɗumi. Tekla ta ce kai ni can zai yi tsada. Na ce ai sau ɗaya ne.

Takardar da na ɗinka ka dawo mini da ita, kada ka warware zaren. Tekla ta ce in tafkin ya cika za a zana sabuwa, wurin duka ya zama shuɗi. Ku zana. Ni ina son wadda kogina ke ciki.

Saura abu ɗaya. An ce ba ka da mata, to da kanka za ka yi. Lahadin bayan Ista, ka tara ɓawon albasa, busasshen na waje, ka dafa ƙwai biyu a ciki har su yi ja. Ka tafi da su da burodi. Ɗaya ka ajiye a kan dutsen, ɗaya naka. Ka shimfiɗa wani abu ka zauna ka ci, kada ka ci a tsaye kana duba agogo kamar mutanen Ingila.

Ba ta son baƙi, takan ɓoye fuska. Kafin ka zauna ka gaya mata kai jikan Maryna ne. Ta san Maryna, a cinyarta ta ƙetare teku.

Kakarka,
Dokiya